Ba a Wanke Allo Sai An Biya: Hanyar Samun Digiri Mai Daraja ta Ɗaya

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban jami'a 'yan Shagari da Boɗinga, a garin Shagari, lokacin hutun zango



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamaina da ke sahun gaba, waɗanda wasunsu suka riƙe hannuna ina koyon rubutu, Allah ya gafarta muku, ina neman izini in yi magana a gabanku. Iyayenmu mata da ke gefen rumfa, sannunku da fitowa. Ƙannena ɗalibai na Shagari da Boɗinga, da waɗanda suka yi sammako daga Kajiji da Dandin Mahe da Sifawa, yau da ku na zo magana.

Waɗanda suka shirya zaman nan sun ce in yi bayanin yadda ɗalibi zai fita jami'a da digiri mai daraja ta ɗaya, abin da kuke kira fas kilas. Ban yi jinkirin amsawa ba, saboda akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa daga garuruwanmu zai shigo ofishina yana aji uku, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam, na ɗaura niyya, fas kilas nake so in fita da shi." In karɓi takardar sakamakonsa in duba, sai in ga ƙofar ta rufe tun shekara biyu da suka wuce, shi kuwa bai sani ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa lissafin. To da lissafin zan fara, kuma ina roƙon mai biro ya fito da shi.

A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa, wanda mafi yawan jami'o'inmu ke bi, maki 70 zuwa sama shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, darajarsa 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, darajarsa 3. D na da 2, E na da 1, ƙasa da maki 40 kuwa faɗuwa ce, sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, yunit biyu ko uku, wani lokaci fiye, kamar kundin binciken ajin ƙarshe. Za a ninka darajar da nauyin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne ji-pi ɗinka na zangon. Idan aka haɗa na duk zangunan tun ranar da ka shiga, shi ne si-ji-pi-e. Wanda ya kammala da 4.50 zuwa 5.00 shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Kowa ya buɗe littafin dokokin ɗalibai na jami'arsa ya karanta wannan shafin da idonsa, don akan sami ɗan bambanci nan da can.

Mu ɗauka ka yi rajistar kwas shida a zango, kowanne yunit uku, jimilla 18. Idan ka ci A uku da B uku, kana da 81, a raba da 18, ya ba ka 4.50 cif. Wato rabin A rabin B shi ne bakin ƙofa, ba ragi ko kaɗan. Idan C guda ta shigo, sai ka ci A huɗu kafin ka tsaya a wannan bakin ƙofar. Idan kuwa ka ci A biyar ka faɗi kwas ɗaya, ka sauko 4.17, ga kari-oba tana jiranka baɗi, za ta ci lokacin da ya kamata ka ba sababbin kwasa-kwasai, kuma sifilin nan yana nan a rubuce ko da ka dawo ka ci A.

Yanzu ga wurin da nake so ku ja layi a ƙarƙashinsa. A digirin shekara huɗu, idan nauyin shekarun ya yi daidai, wanda ya gama aji ɗaya da 4.00 yana bukatar kusan 4.67 a sauran shekaru uku. Da wuya, amma ana yi. Wanda ya gama da 3.50 yana bukatar 4.83. Wanda ya gama da 3.00 sai ya ci A a kowane kwas, ba kuskure ko ɗaya, har ranar da zai ajiye biro. Wanda ya yi ƙasa da 3.00 kuwa, ko ya kwana a laburare shekara uku, lissafi ba zai ba shi ba. Shekarar da ɗalibanmu suka fi rainawa, wadda suke kira ta sabawa da makaranta, ita ce ke yanke hukunci.

Haka abin yake a cikin kwas guda. Kafin jarrabawa akwai maki 30 ko 40 na tes da jinga. Wanda ya tara 32 cikin 40 yana neman 38 cikin 60 kawai ya kai A. Wanda ya yi sakaci ya tara 15, sai ya kawo 55 cikin 60, kuma duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san yadda wannan ke da wuya. Tsakanin 69 da 70 maki ɗaya ne, amma a kwas mai yunit uku makin nan ɗaya daraja uku ne. Sau da yawa wannan makin yana cikin wata jinga da ɗalibi ya ce ba ta da muhimmanci, ko wani tes da aka yi ranar da ya taho gida biki. Kwasa-kwasan ji-es-ti ma, na Turanci da sauransu, da ake ɗauka kamar ba komai ba, yunit ɗinsu yana shiga lissafi kamar na kowane kwas.

Me ya sa yaranmu suka fi tuntuɓe a shekarar farko? Zan ba ku labarin kaina. Ranar da na fara shiga lacca a jami'ar da na yi, mun fi mutum ɗari uku a zauren. Na sami wuri a can baya, kusa da taga. Malamin ya shigo ya kama Turanci da sauri, da wani irin lafazi da kunnena bai saba da shi ba. Awa biyu ina riƙe da biro, abin da na rubuta bai cika rabin shafi ba. Na duba na kusa da ni, ɗan birni, ya cika shafi huɗu. Kunya ta hana ni in ce ya ara mini. Haka na yi makonni, ina shiga ina fita, ina gaya wa kaina in jarrabawa ta matso zan haddace handawut. Na haddace kuwa, amma da tambaya ta zo a juye sai na rasa ta inda zan kama. Na gama aji ɗaya ban kai 3.20 ba. Daga aji biyu na farka, na yi iyakar ƙoƙarina, na fita da daraja ta biyu babba, kuma na gode wa Allah. Amma har yau na san inda abin ya kuɓuce mini, a kujerar baya ce, kusa da tagar nan.

Turanci shi ne katangar farko, kada mu ɓoye wa juna. Yaron da ya tashi yana jin Hausa ko Fillanci a gida da kasuwa da filin ƙwallo, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, harshen karatun ne bai zauna a bakinsa ba. Maganinsa kuwa aiki ne na kullum. Ka zauna a gaba. Ka karanta babin kafin malami ya koyar da shi, don kalmomin su zama ka taɓa haɗuwa da su. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta, da dare ka nemo ma'anarta. Idan ka gane darasi, ka bayyana wa abokinka da Hausa, sannan ka zauna ka rubuta bayanin da Turanci, domin da Turanci za a tambaye ka. Kuma ka ɗaga hannu ka yi tambaya ko da za a yi dariyar lafazinka. Dariyar minti ɗaya ce.

Amma akwai abin da kuka zo da shi daga gida wanda ɗan birnin nan mai shafi huɗu bai fi ku ba, galibi ma kun fi shi. Kusan kowa a nan ya riƙe allo. Ku tuna yadda ake yi. Ka rubuta da tawada, ka zauna a kan buzu ko tabarma kana maimaitawa da ƙarfi har ya kama bakinka. Sannan ka je gaban malam, ka kife allon, ka biya. Idan ka yi tuntuɓe ya mayar da kai. Ba a wanke allo sai an biya. Bayan an wanke ma ba a rabu da karatun ba, akwai tilawa, kana komawa baya kana bin abin da ka wuce, domin kowane mahaddaci ya san haddar da ba a bita guduwa take yi. Gardawa kuma su zauna musaffa, wannan ya ja, wancan ya karɓa, wanda ya kauce a gyara masa nan take.

Abin mamaki, da ɗalibinmu ya shiga jami'a sai ya ajiye duk wannan a bakin get, ya ɗauki wata hanya wadda ba ta kai ta ba. Ya buɗe littafi yana bin layi da ido, ya karanta sau uku, ya ji kamar ya iya, ya rufe. Bai taɓa kife allon ba. Idan saura mako guda jarrabawa sai a koma kwanan aji, a sha shayi da goro har asuba, a shiga zaure da jajayen idanu.

Masana na waje sun daɗe suna auna wannan. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885, bayan ya yi ta haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana gwada kansa. Ya gano mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka raba ɗalibai: wasu su yi ta sake karanta rubutu, wasu su rufe shi su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka rufe suka gwada kansu sun fi tunawa. Malamin zaurenku bai san sunayen nan ba, amma da wannan hanyar ya karantar da ku.

Saboda haka ga abin da nake ba ɗalibaina. Duk laccar da aka yi yau, kada ka kwanta sai ka biya ta. Rabin awa ya isa. Ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Bayan kwana uku ka sake, ƙarshen mako ka sake. Ka nemo tambayoyin shekarun baya tun makon farko, ka amsa su a rubuce kana duba agogo. Ka sami abokai uku ko huɗu, kada su wuce haka, ku riƙa musaffar darasi, kowa da ranar da zai koyar. Wanda ya iya koyar da abu ya riƙe shi. Lokaci kuwa, a ƙasarmu da zafin bazara ke wuce digiri 40, babu kamar bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, kafin waya ta fara ƙara.

Ba yau ƙasar nan ta fara sanin karatu mai tsari ba. Duk wanda ya taho daga Sakkwato ya ratsa ta ƙasar Boɗinga. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, yana karantarwa yana wallafa, har 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. A cikin shekarun nan, da nauyin jama'a a wuyansa, ya rubuta Tazyinul Waraƙati, ya kuma ci gaba da aikin da ya kai shi ga babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Akwai wani ɗan ƙaramin littafinsa da nake so ɗaliban jami'a su sani, Ida'un Nusukhi. A ciki ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, da yayansa Shehu da ya karɓe shi yana ɗan shekara goma sha uku, har su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mutumin ya san abin da ya karanta, ya san a hannun wa. Ni kuwa nakan tambayi ɗalibin ajin ƙarshe ya faɗa mini littafi uku na fanninsa da ya karanta daga bango zuwa bango, sai ya sunkuyar da kai. Handawut mai shafi ashirin zai iya tsallakar da kai, amma amsar da ke jawo maki 70 tana fitowa daga wanda ya leƙa gaba da abin da malami ya faɗa a aji. Laburare na nan, kuma wayar da ke hannunka tana iya sauke littattafai, ba Facebook da TikTok kaɗai ba.

Na san akwai abubuwan da ba a hannunku suke ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka koma sai aka matse zango, aka yi jarrabawa a gurguje, kuma waɗanda suka ajiye littafi gaba ɗaya a lokacin zaman gida su suka fi shan wuya. Akwai yunwa, akwai kuɗin rajista da na haya, akwai zazzaɓin damina da ke kwantar da mutum ana tsakiyar tes. Wanda ke cikin matsi ya nemi tallafin karatu na jiha, ya kuma bincika asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Idan rashin lafiya ta hana ka jarrabawa, ka kai takardar asibiti a rubuce a kan lokaci. Ka duba rajistar kwasa-kwasanka sau biyu, ka ajiye kwafin kowace takarda, kuma idan sakamako ya fito ba ka ga naka ba, ka bi sawu a makon nan, kada ka bari sai ajin ƙarshe.

Sai maganar da ba na so in yi amma dole. Akwai masu shiga da 'yar takarda a safa, akwai masu neman a gyara musu maki, yanzu kuma ga masu sa manhajar ChatGPT ta rubuta musu jinga su miƙa ko karantawa ba su yi ba. Wanda aka kama da satar amsa korarsa ake yi, shekarunsa da kuɗin gero da awakin da aka sayar dominsa su tafi a banza. Wanda ba a kama ba kuma, wata rana zai tsaya gaban masu tantancewa, ko gaban aji, ko gaban majinyaci, a tambaye shi abin da takardarsa ta ce ya sani. Ku 'yan mata, idan wani ya nemi ya sayar muku da maki da mutuncinku, kada ku yi shiru. Ku gaya wa iyayenku, ku kai ƙara a rubuce. Muna nan, za mu tsaya muku.

Iyayena, ku gafarce ni in juyo gare ku. Yaron da ke jami'a ba hutu yake ba. Idan aka kira shi gida don kowane suna da kowane ɗaurin aure, ko aka ce ya zo a yi shuka alhali ana tsakiyar zango, makin nan ɗaya da na ambata ne ake cire masa. Ɗan abin da za ku aika masa, ko garin tuwo ne da ƙuli-ƙuli, ku aika a kan kari. 'Ya'ya mata kuma, a ajujuwan da na koyar sau da yawa su ke kan gaba. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, wadda ta tsara malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata har ta rasu a 1864, bai kamata a ce ana cire yarinya daga aji biyu ba. Idan aure ya zo, a sa sharaɗin karatu, mijin kuma ya cika. Na ga matar aure da goyo a bayanta ta fi kowa maki a aji, saboda uwar mijinta ta karɓi yaron a makonnin jarrabawa.

Wani zai ce, shin wahalar ta cancanta? Mai daraja ta ɗaya yana gaba a layin guraben ƙaro karatu irin na PTDF da na Kwamanwel, kuma jami'o'i kan riƙe irinsu su zama mataimakan malamai. Har 5.00 an taɓa kammalawa da shi, kamar yadda Ayodele Dada ya yi a Jami'ar Legas, aka yaye shi a 2016. Masu karatun likita su san digirinsu ba a raba shi daraja-daraja, sai dai a ba mutum shaidar fice a darasin da ya yi zarra. Wanda kuma lissafin ɗazu ya nuna masa ƙofar ta rufe, kada gwiwarsa ta yi sanyi. Tsakanin 3.49 da 3.50 ma akwai wata ƙofar, kuma wurare da yawa na aiki da na digiri na biyu a nan suke ja layi. Wannan ma abin yi wa fafutuka ne.

Muna zaune a garin da aka haifi marigayi Turakin Sakkwato, Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, a 1925, kuma a nan aka binne shi a Disambar 2018. Yabo aka kai shi elementare, daga nan Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1944. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Ta Ibadan sai 1948, ta Ahmadu Bello sai 1962. Ya dawo ya kama alli yana koyar da kimiyya a Midil ɗin da ta yaye shi. Da ya zama shugaban ƙasa a 1979, a zamaninsa aka kafa jami'o'in fasaha na tarayya a garuruwa irin su Bauci da Yola da Minna da Akure da Owerri. Shi bai sami zaman ajin digiri ba, ya buɗe wa 'ya'yan wasu. Ku kuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 ta fara ɗaukar ɗalibai a 1977, ga ta nan, ka hau mota da safe ka riski lacca. Ga jami'ar jiha, ga makarantar horar da malamai da aka sa wa sunan Shagari. Idan na wuce ta ƙofar gidansa nakan tambayi kaina, ɗalibai nawa daga ƙaramar hukumar nan aka kira sunansu a taron yaye ɗalibai aka ce su miƙe a tafa musu? Ina so in ga ranar da za a kira ɗan Kajiji ko 'yar Sifawa, uwarta na zaune a rumfa tana share hawaye.

Na ga lokaci ya ja, ladan ya kusa kira. Waɗanda suka zo da takardar sakamakonsu, ko suke da shi a waya, su tsaya bayan sallar la'asar. Ni da malamai biyu da muka zo tare za mu zauna a ajin da ke bayan rumfar nan, mu lissafa wa kowa nasa, ya san abin da yake bukata a zango mai zuwa. Waɗanda suka sami gurbi bana ba su fara ba tukuna, su za mu fara gani.